Sakan Goma Sha Ɗaya

Ranar da ya fara ganinta, a durƙushe take ƙarƙashin kujerar matuƙi a cikin na'urar koyon tuƙin jirgin sama, tocila a hannu, tana laluben wata waya. Bai lura ba ya take mata gefen mayafi.

"Malam, ko tashi ba ka yi ba har ka fara haɗari?"

Dogo, kamar yadda abokan karatunsa ke kiransa, ya ba da haƙuri har sau uku. Ita kuwa dariya ta yi. Ita ce injiniyar da ke kula da manhajar na'urar, kuma autar Kyaftin, babban malamin makarantar, shi ya sa ake ce mata Auta.

Daga gaisuwa aka koma musayar lamba. Kafin wata uku, ba ta karyawa sai ta ga saƙonsa.

"Gwanata, yau na sauka lafiya sau biyar. Saura sauka a gidanku."

"Ka ci jarrabawa tukuna, Tsuntsuna. Abba ba ya buɗe wa mai sakaci ƙofa."

Ranar jarrabawa Kyaftin da kansa ya zauna a bayansa. Ya kunna gargadar iska mai ƙarfi, ɗakin ya hau jijjiga. Dogo ya miƙa jirgin ga otofailot, wato tsarin da ke tuƙi da kansa, ya juya yana duba taswira. Kafin ya ɗago, jirgin ya karkata ya yi ƙasa.

"Ka kashe otofailot ba ka riƙe sitiyari ba," in ji Kyaftin. "Da mutane ne a bayanka fa?"

"Wallahi ban taɓa shi ba, ranka ya daɗe."

Aka nemi rahoton sashen injiniyoyi. Shugaban sashen, wanda ya daɗe yana kai wa Kyaftin gaisuwa saboda Auta, shi ya sa wa na'urar sabuwar manhaja makon da ya wuce. Ya rubuta cewa lafiyar na'urar lau, ya jera sunayen ma'aikatansa a ƙasa, har da na Auta.

Da yamma saƙon Dogo ya shigo: "Na ga sunanki a takardar. Ashe ke ma maƙaryaci kika ɗauke ni. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ta kira, bai ɗaga ba. A gida kuma Abba ya yanke magana: "Wanda ya yi kuskure ya ƙi amsawa, ba na ba shi jirgi, balle 'ya."

Auta ta yi kukanta ta share hawaye. Washegari, da aka tashi cin abincin rana, ta kulle kanta a cikin na'urar. Ta bi hanyar da Dogo ya bi, da irin iskar da aka ba shi. Sau ashirin ba abin da ya faru. Shugabanta ya leƙo ya ce, "Kina ɓata lokacinki a kan wanda ya riga ya faɗi."

"Lokacina ne, Oga."

A kwana na huɗu ta gano. Idan gargada ta tsananta daidai lokacin da jirgi ke shan kwana, manhajar sai ta ɗauki jijjigar a matsayin hannun matuƙi, ta saki tuƙin. Ƙararrawar da ya kamata ta yi kuka kuma sai bayan sakan goma sha ɗaya take farkawa.

Ba ta gyara ba tukuna. Ta sami mahaifinta a ofis.

"Abba, ba roƙo na zo yi ba. Ka zauna a kujerar nan minti goma. In ƙarya nake, na bar maganarsa har abada."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya miƙe.

Ta kunna iskar. Kyaftin ya naɗe hannuwansa a ƙirji don kada a ce ya taɓa wani abu. Jirgin ya shiga kwana, ya karkata, ya yi ƙasa, shiru ba ƙararrawa. Da ƙyar ya cafko sitiyarin.

Ya tashi daga kujerar, ya cire tabarau. Can ya ce, "Na zalunci ɗan mutane. Kira min shi."

A ranar ta koya wa manhajar bambanta jijjigar iska da hannun mutum, ta maido da ƙararrawar kan lokacinta. Shugaban sashen ya janye rahotonsa, ya daina zuwa gaisuwa.

Dogo ya sake jarrabawa ya ci. A bakin ƙofa ya tsaya gabanta, kansa a ƙasa.

"Gwanata, na yi miki mummunan zato."

"Ka yi. Kuma sai ka shekara kana biya."

"Shekara ɗaya ta yi kaɗan. A ba ni duka."

Bayan wata biyar aka ɗaura aure. Da za a tafi da ita, Kyaftin ya riƙe hannun angon.

"Ɗana, ita ce ta tsaya maka ranar da ni na ƙi tsayawa. Ka riƙe ta amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Gidan ya amsa da amin, Auta na kuka tana murmushi.