Shuɗin Ɗigo a Rugar Adda

A wata firamare a ƙasar Roni akwai wata yarinya 'yar aji shida. Kanta yana ja sosai, amma fa ba ta shiri da tafiya cikin rana.

Wata rana Malam Zaharadeen ya nuna musu wani shafi a intanet da ake yin taswira. Abin ba wuya. Ka buɗe hoton garinku da aka ɗauka daga sama, ka taɓa wuri, sai ɗigo ya fito.

"Wata ƙungiya za ta haƙa mana rijiyar burtsatse guda ɗaya," in ji Malam. "Mai gari ya ce mu nuna inda aka fi wahalar ruwa. Rijiya mai ruwa, ku sa shuɗin ɗigo. Marar ruwa, ku sa ja. Amma kowa ya je ya gani da idonsa."

Yarinyar aka ba gabashin gari, har da rugar Fulani ta bayan duwatsu. Ta dubi rana, ta dubi wayar babanta. A hoton ta hango rijiya a rugar, ga ciyawa kore shar. Ta danna shuɗi, ta miƙe ƙafa a inuwar darbejiya. Aiki ya ƙare!

Da aka haɗa taswirar, sai ta nuna ruga tana da ruwa. Aka ce a bakin kasuwa za a haƙa.

Ranar Laraba sai ga Adda, tsohuwar da ke kawo musu nono daga rugar. Ta zauna tana haki.

"Sannu, Adda. Ina jikarki Khadijat? Mun daina ganinta a aji," in ji yarinyar.

"Ina ta ga makaranta, 'yar nan? Rijiyarmu ta rufta tun bara. Kullum tana hanyar rafi da jarka."

Ashe hoton tsoho ne! Kunya ta kama yarinyar, ta faɗa wa babanta komai.

"Gobe za a miƙa wa ƙungiyar taswirar," in ji Baba. "Ke kika ɓata, ke za ki gyara."

"Zan je yanzu, Baba."

Ya kai ta a babur har gindin duwatsu. Daga nan sai ƙafa. Rana ta gasa ta, ƙaya ta soke ta, amma ba ta juya ba. Ta ɗauki hoton rijiyar da ta rufta, ta danna ja a bakin rijiyar.

Washegari ta durƙusa gaban mai gari, ga Malam a gefe.

"Ranka ya daɗe, laifina ne. Ban je ba na sa shuɗi. Jiya na je. Ga abin da na gani."

Malam ya sake buɗe taswirar. Nan take ta nuna ruga ce ta fi ko'ina nisa da ruwa.

"Kin yi kuskure," in ji mai gari, "amma kin gyara kafin ya cuci mutane. A ruga za a haƙa."

Bayan wata biyu ruwa ya fito. Ranar Litinin Khadijat ta shigo aji da jakar littattafai, ta zauna kusa da yarinyar.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa waya tana taimako, amma abin da ka faɗa mata shi za ta nuna. Kada ka ba da shaidar abin da ba ka je ka gani ba.