Tsatsar Ƙarya

Ranar da abin ya fara, yamma ce kamar kowace yamma. Rana ta yi ja, kaji sun shige akurki, Mai Agogo kuma yana sunkuye a teburinsa na jikin taga. Shekara talatin ya yi yana gyaran agogo kafin ya rufe shago, amma hannun da ya saba da ƙananan abubuwa ba ya zama haka kawai. Sai ya koma haɗa 'yan tankokin yaƙi na roba, irin waɗanda ke zuwa gunduwa-gunduwa a kwali. Wadda ke gabansa ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Wata bakwai ya yi a kanta, ko takwas, lissafin ya kwanta mini.

Gwanintarsa ita ce tsofar da sabon abu. Yakan fara shafa fenti mai launin tsatsa, ya yayyafa ruwa, ya barbaɗa gishiri, sannan ya fesa kore a kai. In ya bushe, sai ya wanke gishirin da ruwan ɗumi, koren ya ɓanɓare nan da can, tsatsa ta leƙo. Gefuna kuwa, inda takalmin soja zai goga, da guntun soso da tsinin allura yake bi.

"Mutane na neman sabo, kai kana tsofar da shi," in ji matarsa daga bakin ƙofa. "Ni ma haka ka yi mini."

"Ke ai ba ki sha gishiri ba," ya ce, bai ɗago ba.

Haske na guduwa, shi kuma yana son ya gama murfin saman tankar. Bai jira ruwan ya huce ba. Ya tsiyaya shi da zafinsa a kan murfin, ko bisimilla bai yi ba. Sai ya ji wani siririn kuka, kamar na ɗan kyanwa, daga cikin robar. Ya kasa kunne. Shiru.

Kafin a kunna fitila, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Aka leƙa, ba kowa.

Washegari fentin ƙofa ya fara ɓanɓarewa, daidai inda hannu ke taɓawa. Tukwanen da aka wanke jiya suka wayi gari da tsatsa. A rana ta uku, da magariba, suka tarar da autarsu, budurwa mai koyon ɗinki, durƙushe a jikin bango tana karce fenti da allura. Uwar ta kira ta. Ta waiwayo, amma ba ita ke kallo ta cikin idanun ba. Ta daina ci, ta daina sha. Leɓɓanta suka tsage, jikinta ya shiga zubewa kamar ana sassaƙar ta.

Malamin da aka kira dattijo ne mara yawan magana. Ya zo bayan la'asar, ya zauna kusa da kan budurwar, ya yi ta karatu har inuwa ta rufe rabin tsakar gida. Can yarinyar ta yi miƙa, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ba gidan mutane na shiga ba. Kango na tarar a kan tebur, tsatsa ta cinye shi, ba hayaƙi, ba sawu. Na tare da 'ya'yana. Sai ga ruwan zafi da gishiri a kan autana, ba ko gafara."

"Wallahi tankar nan sabuwa ce!" in ji Mai Agogo. "Fenti ne kawai!"

Ta yi dariya mai kaushi. "To ka iya ƙarya, tsoho. Na zauna a kangaye tun ba a haifi kakanka ba, ban ga wanda ya kai naka ba."

Allah Ya yafe masa, a cikin tsoron nan sai da wani daɗi ya ɗan motsa a ransa. Ya sunkuyar da kai don kunya.

"A bar mini kangon," ta ce, "in bar yarinya."

"A'a," in ji Malam. "Ba ki da maƙwabtaka a nan. Yarinya da gida duka za ki bari."

Tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan rufi.

"Ni ba na zama a abin da ke da mai shi. In yana da mai shi, a nuna mini. Ya mayar da ita sabuwa da hannunsa, kafin rana ta faɗi."

Mai Agogo ya dubi taga, ya dubi 'yarsa. Ya ɗauko tankar da gwangwanin kore da babban burushi, irin na fentin ƙofa. Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya shafe ta tun daga bakin bindiga har sarƙoƙin ƙafa. Kowane ɗigon tsatsa ya san ranar da ya yi shi. Bai bar ko ɗaya ba.

Da ya shafe na ƙarshe, labulen taga ya ɗaga, ya koma. Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa. Ta shanye kofi biyu, sannan idonta ya sauka a kan abin da ke hannun ubanta, kore shar, yana ɗiga.

"Baba," ta ce da muryarta, "wa ya ɓata maka aiki haka?"

"Ni ne," ya ce, ya juya ga matarsa. "Ƙara mata ruwa."