Amaryar Jinya

"Sun yarda, Kesone."

Ina durƙushe a bakin famfon bayan shago ina wanke kwanona ya faɗa min haka. Na ɗago. Mizan ne, awon tela rataye a wuyansa, yana haki kamar wanda aka biyo.

"Su wa suka yarda? Da me?"

"Yaya Aftab da matarsa. Sun ce ki zo gida ranar Juma'a mu ci abinci tare."

Dariya ta kuɓuce min.

"Bhabi Dilruba? Wadda ta ware mana kofin shan ruwa?"

"Ta canja, zuciyata... wallahi ta canja."

Shagon ɗinkin kwat ɗin na yayansa ne, a layin da Turawa ke yawo a Bangkok. Gaban shago nasu ne, mutanen Bangladesh, da madubai da sanyin na'ura da Turanci. Bayan shago namu ne, 'yan Laos, da kekunan ɗinki da fanka ɗaya mai kuka. Ni da Innata da wasu matan ƙauyenmu na Savannakhet muke ɗinkawa, su su sayar. 'Ya'yansu na makarantar kuɗi, namu na ƙauye wajen kakanni.

Mizan ne mai kawo mana yankakken yadi. Ya yi jami'a a ƙasarsu, ni firamare na gama, amma shi kaɗai a gidansu yake cire takalmi idan zai shigo wajenmu. Da wasa ya fara koya min yarensu, yau sunan allura, gobe sunan zare, har na kai ina jin hira. Babu wanda ya sani sai mu biyu. Haka kuma babu wanda ya san ina zuwa wajen matar limamin ƙaramin masallacin layinmu tana koya min sallah, sai Inna.

Lokacin da ya fara yi musu maganata, Bhabi, wato matar yaya a yarensu, cewa ta yi gara ya auro akuya. Yanzu kuma wai in zo cin abinci.

Da yamma na kai labarin rumfar Kawu Somphet, ƙanen Inna, inda yake daka kwaɗon ɗanyar gwanda a gefen titi. Shi ne ubana a garin nan tunda Babanmu ya rasu. Shi ne kuma yake kiran Mizan ɗan albasa, yana toshe hanci idan ya wuce.

Ya ajiye taɓarya, idonsa ya yi wani ƙyalli da ban so ba.

"Masu shagon da kansu? Kai, yarinya, kin kamo babban kifi."

"Kawu, ba kai ka ce warin albasa suke ba?"

"Yo ai kuɗinsu ba ya wari." Ya kwashe da dariya, ya juya ga masu cin abinci. "Ku ji, 'yata za ta auri mai shago. Mota zan ce su sayo min, mai buɗaɗɗen baya. In dai suna son farar fata ai sai su biya."

Suka yi ta shewa. Wani ya ce in tabbatar an sa sunana a takardar gida kafin in haihu. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son mutumin. Na kalli bakin Kawu yana sheƙin mai, yana lissafa ni kamar saniyar da ta yi ƙiba.

Inna ce kawai ba ta yi dariya ba. A hanyar komawa ta ce,

"Idan kika bi addininsu, ranar da na mutu wa zai kai min sadaka haikali?"

"Inna..."

"Ban hana ki ba. Tambaya na yi."

Ranar Juma'a na sa zanena na siliki wanda Inna ta saƙa da hannunta. Gidansu a saman bene yake, da kujeru masu ruwan zinariya an lulluɓe su da leda. An turara wurin sosai, amma ƙarƙashin turaren akwai wani wari da na sani, zarnin fitsari da ya kwana a katifa.

Bhabi ta rungume ni. Matar da ba ta taɓa amsa gaisuwata da baki ba, yau ga ta tana yafa min mayafi.

"Masha Allah, ga tsawo ga ƙarfi. Mu ga hannunki." Ta juya tafina tana latsawa. "Kin taɓa yin jinya, ƙanwata?"

"Na taya Inna jinyar kakata."

"Madalla. Zo ki gaida Abba."

Na san mahaifinsu ya samu shanyewar ɓarin jiki, amma ban san ya kai haka ba. Yana kwance a ɗan ɗakin da ke kusa da banɗaki, bakinsa a karkace, yawu na bin gemunsa. Zanin gadon a jiƙe yake. Bhabi ba ta shiga ba, daga bakin ƙofa ta tsaya ta kare hanci da gefen mayafi. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kalle ni, ya kalli gadon, ya runtse ido don kunya.

Bayan an ci abinci Mizan ya sauka sayo kayan zaƙi. Na kwashe kwanuka na nufi kicin, sai na ji muryar Bhabi da mijinta a ciki, da yarensu, ko rage murya ba su yi ba.

"Ka ga hannunta? Za ta iya ɗaga shi ita kaɗai."

"Ni har yanzu abin bai kwanta min ba," in ji Yaya Aftab. "Me za mu ce wa mutane a masallaci? 'Yar bayan shago?"

"Ka ce musu abin da ka ga dama. Duk mai aikin da muka kawo sai ta gudu, wannan kuwa matar gida ce, ina za ta je? Ba albashi, ba hutu. Kuma irinsu ba su san ƙyama ba. Mutanen da ke cin kwaɗi da ruɓaɓɓen kifi, kashin tsoho ne zai dame su?"

"In Abba ya rasu fa?"

"Saki wuya gare shi? Sai a nemo wa yaron 'yar mutunci daga garinmu Comilla."

Kwanukan suka yi min nauyi. Na shiga, na ajiye su a hankali don kada su ce na fasa musu kaya, na cire mayafin na ɗora a kai. Da yarensu na ce,

"Bhabi, na gode da abinci. 'Yar masu cin kwaɗi za ta koma gida."

Bakinta ya buɗe bai rufe ba.

A matakala muka yi karo da Mizan, leda a hannunsa.

"Ina za ki? Me ya faru?"

"Ka sani?"

"Na san me?"

"Cewa jinya aka kira ni, ba aure ba."

Ya sunkuyar da kai yana kallon ledar. Da ma ya yi min ƙarya, da ta fi min sauƙi.

"Ki saurare ni, rabin raina... Na ga ƙofa ce ta buɗe. Na ce mu shiga tukuna, daga baya za su san ko ke wace ce."

"Daga baya ɗin sun gama shirya shi. Saki ne, da 'yar mutunci daga Comilla."

"Wannan ban sani ba. Na rantse ban..."

"Na yarda. Amsa min ɗaya, Mizan. Tunda Abba ya kwanta ka taɓa wanke shi?"

"Kesone, a wajenmu maza ba sa..."

"Uban waye ke kwance a can?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Da ka zo ka ce min, Abbana na kwance cikin fitsari, ki taimake ni, wallahi da na naɗe hannun riga. Amma ka ɗauke ni ka miƙa musu kamar tsumman goge ƙasa, kana kirana zuciyarka. Matsa min."

Ya kama gefen zanena yana kuka. A lokacin ko hawayensa ƙyamarsu nake ji.

Washegari Yaya Aftab ya aiko a ce kada in ƙara taka masa shago. Inna ya bari, domin babu mai haɗa wuyan kwat kamarta. Na samu aikin guga a wani gidan wanki.

Kawu Somphet har ɗakinmu ya zo ya zage ni.

"Arziki ya zo har ƙofa kin kore shi. Kashin tsoho ne fa kawai. A ƙauye ba kashin ɓauna kike kwasa ba? Ki daure ɗan lokaci ya mutu, mu kwashi rabonmu."

Na dube shi, na tuna Bhabi. Ita da awarwaron zinariya, shi da silifas ɗin roba, ba sa jin yaren juna, amma magana ɗaya suke yi.

Inna, wadda ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta miƙe ta buɗe ƙofa.

"Somphet, ni na wanke uwarmu har ta mutu, kai kana nan kana daka gwanda. Ban ji ƙyama ba, don ba sayena aka yi ba. Fita min."

Mizan ya yi ta kira ban ɗauka ba, har ya daina. Da ya daina ɗin ne na fi yin kuka. In tsaya gaban dutsen guga, hawaye na ɗiga a rigar mutane, ina jin haushin kaina da har yanzu nake son sa.

Damina ta kusa ƙarewa Inna ta dawo daga aiki ta ce,

"Yaron nan ya daɗe ba ya zuwa shago. An ce sun yi faɗa da yayansa har an fasa madubi. Ya ɗauke tsohon, sun kama ɗaki a bayan masallaci."

"Ina ruwana?"

"Da yamma kuma wai roti, gurasar ƙasarsu, yake soyawa a kura, kamar talakawansu. Matar Aftab ta ce ya zubar musu da mutunci." Ta ci gaba da tsefe gashinta. "Ni dai ban ce ki je ba."

Da safe na je.

Tun daga bakin lungun na hango shi, tsugune gaban baho a bakin famfo. Ya rame. Ya ɗaure hanci da hankici, yana cuɗa zanin gado, can sai ya juya kai ya yi kakari kamar zai amayar da hanjinsa, ya share ido da kafaɗa, ya koma. Ruwan da ke gangarowa kwata ba na kallo ba ne.

Da ya gan ni ya miƙe, ya rasa inda zai ɓoye hannayensa.

"Kada ki matso... akwai ƙazanta."

"Na gani."

"Ban iya ba har yanzu. Kullum sai na yi amai." Ya yi wani murmushi mai ban tausayi. "Ranar farko da na wanke shi, kuka ya yi ta yi. Ya ce shi ya wanke ni ina yaro, bai ɗauka zan tuna ba."

Na zauna a kan wani bulo, nesa da bahon.

"Ba a zuba sabulu tun farko. Ka ɗauraye shi da ruwa zalla tukuna."

Ya zubar ya sake. Na zauna ina kallonsa har ya gama ya shanya, ko yatsana ban sa a ruwan ba, shi ma bai nema ba. Sannan ya wanke hannu ya daɗe yana wankewa, ya zo ya durƙusa a gabana.

"Ba ni da shago yanzu, Kesone. Kura ce da ɗaki ɗaya da tsoho. Ba zan ce ki yafe min ba, ni ma ƙyamar kaina nake..."

Daga cikin ɗaki aka ƙwanƙwasa gado. Muka shiga. Ɗakin ƙarami ne, amma ƙamshin sabulu yake. Abba ya miƙo hannunsa mai lafiya ya kama nawa, ya yi ta kokawa da harshensa kafin kalmar ta fito.

"'Yata... ki yi haƙuri... da mu."

A nan kukan ya ƙwace min.

An ɗaura mana aure bayan sallar azahar a ƙaramin masallacin. Yaya Aftab da matarsa ba su zo ba. Kawu ya zo, ya tambaya ko da gaske babu mota, ya ci ya ƙoshi ya tafi. Inna ta jira mu a waje, ta ɗaura mana farin zare a wuyan hannu ni da shi kamar yadda ake yi a ƙauyenmu, tana yi tana share hawaye da bayan hannu.

Abba ya rayu tare da mu har wata daminar. Wanki da wanka Mizan ne ya yi su har ranar ƙarshe, bai taɓa bari na taɓa ba. Ni kuwa na riƙa ba shi abinci a baki safe da yamma, don ni na ga dama.