Alkyabbar Auta

A Badarawa akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata. Auta ba ta da mugunta ko kaɗan, sai dai rawar kai. In abu ya shiga ranta, ba ta tsayawa tambayar kowa.

Wata Asabar da rana aka kawo wuta, yayanta Sadiq ya kunna musu fim. Labarin wani ramammen yaro ne da kowa ke tsokana. Rannan ya tsinci dutse mai haske a tsohuwar rijiya, ƙarfi ya zo masa, ya fara tashi sama. Sadiq sai surutu yake, wai daga littafin zane aka ɗauko fim ɗin, kuma shi ya karanta. Auta ko jinsa ba ta yi. Idonta na kan jar alkyabbar da yaron ya ɗinka wa kansa, iska na kaɗa ta a bayansa.

Washegari Mama ta shiga maƙwabta barka. Auta ta hau neman abin da za ta yi alkyabba da shi. Tawul ya yi nauyi, ɗankwalinta ya yi ƙarami. Sai ta buɗe akwatin Mama. Ga wata sabuwar atamfa ja, ko takardar jikinta ba a ɓare ba. Ta ce a ranta, wannan uban yadi, wa zai lura? Ta sa almakashi ta yanke gefe guda, ta zana ƙaton tauraro da baƙar tawada a tsakiya.

Kai, Auta ta sha wasa ranar! Ta yi ta dirowa daga kan benci, kaji na watsewa. Da ta gaji ta cusa ƙyallen ƙarƙashin katifa.

Da yamma ana cin tuwo, Mama take gaya wa Baba gobe za ta kai jar atamfarta ɗinki. Anko ce ta bikin ƙanwarta, Anti Ummulkhairi, ranar Asabar mai zuwa. Duk 'yan'uwa iri ɗaya za su sa, kuma daga Kano aka kawo ta, ta ƙare tas. Mama ce babbar yaya, ita za ta tsaya kusa da amarya.

Auta ta tsame hannu daga tuwon. Ta yi tunanin ta ce ɓera ne. To wane ɓera ke yanka a miƙe? Ta tashi ta ɗauko ƙyallen ta ajiye gaban Mama.

"Mama, ni na yanka. Ki yi haƙuri."

Mama ta ɗaga ƙyallen ta dubi tauraron. Ba ta yi faɗa ba, sai idonta ya kawo ruwa. Wallahi da duka ta yi, da ya fi wa Auta sauƙi.

Can ta ce, "Auta, ina da tsohon zani ja. Da kin tambaye ni, da hannuna zan ɗaura miki."

Baba ya ce babu kallon fim sai bayan sati biyu. Mama kuma ta ce tare za su je wurin tela, Auta ta yi bayani da bakinta.

Malam Hamisu tela na Unguwar Shanu ya saurari bayanin yana danne dariya. Ya gwada, ya sake gwadawa. Ya ce riga da zani za su fita da ƙyar, amma ɗankwali babu, sai dai wannan mai tauraron.

Auta ta roƙa a bar ta ta wanke. Sau uku tana dirzawa da sabulu har yatsunta suka yi ja. Tauraron ya dushe, amma ya ƙi fita.

Ranar biki Mama ta naɗe tauraron ciki, ta kafa ɗaurinta. Ta tsaya kusa da amarya cikin jerin 'yan'uwanta, duk ja iri ɗaya, aka yi ta ɗaukar hoto. Babu wanda ya lura, sai Auta. Ita kaɗai ta ga yadda Mama ke yawan kai hannu ka tana gyara ɗauri, kuma abin ya taɓa mata zuciya ƙwarai.

A hanyar gida ta riƙe hannun Mama ta ce, "Na hana ki sakewa yau, ko?"

Mama ta yi dariya ta ja kumatunta. "Kaɗan. Amma da kin ɓoye, da yau ban sa ankon ba ma. Gaskiyar da kika faɗa da wuri ita ta cece mu."

Tun daga ranar, Auta ba ta ƙara taɓa kayan da ba nata ba sai ta tambaya. In kuma ta yi kuskure, ba ta bari a nemo ta, da ƙafarta take zuwa ta faɗa.