Ba Kowa a Ciki

Ranar da aka kafa allo a ƙofar gidan Mai Agogo, yamma ta yi kamar kowace yamma. Ya rufe shagonsa na gyaran agogo, ya dawo ya zauna a falo, Auta tana kicin tana ɗauraye kofuna. Rana ta yi ja, ta fara lumewa. Sai wani abu ya bugi kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya faɗo tsakar gida. Ɗan dutse ne mai santsi. Da ya ɗauka sai ya ji shi da ɗumi, kamar yanzu wani ya sake shi daga tafin hannu.

Wata bakwai ke nan da rasuwar matarsa. Manyan 'ya'ya duk sun yi nisa, saura Auta mai aiki a kantin magani, kuma su ne suka matsa masa ya sayar da gidan ya koma ƙarami. Ya amsa musu da baki, amma akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. Tun da ta rasu, in ya manta famfo a buɗe sai ya tarar an rufe. Agogon bangon falo, wanda ita kaɗai ke murɗa masa makulli, bai taɓa tsayawa ba. A ransa cewa yake alherinta ne bai gama fita daga gidan ba, kuma da wannan yake samun barci.

Dillalai biyu aka kawo masa. Na farko tsoho ne, ana ce masa Sannu-Sannu, kuma wallahi sunan ya bi shi. Awa biyu ya yi yana ƙwanƙwasa bango, yana tambayar inda ruwa ke kwanciya. Kowane ɗaki sai ya yi sallama kafin ya shiga, har da ɗan ɗakin ajiya na ƙarƙashin matakala. Nan ya tsaya, ya karkata kai kamar mai sauraro.

"Ku nawa ne a gidan?"

"Mu biyu," in ji Mai Agogo.

"To. A bar ni in sake dawowa. Ba na sa gida a kasuwa sai an sallami kowa."

Na biyu kuwa yaro ne ɗan gayu, Mai Kwat, waya biyu a hannu, turare kamar an yi ɓarinsa. Cikin minti goma ya gama ɗaukar hoto, ya tura ƙofar ɗakin ajiyar da ƙafa, ya ce wannan tarkace a kwashe. Ya yi alkawarin mai saye cikin mako biyu. Ni dai ban ga laifin Mai Agogo ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gyara wa mutane minti, ina zai iya da mai awa biyu? Ya zaɓi mai sauri, don yana tsoron in aka daɗe zai fasa.

Allon da aka kafa cewa ya yi: GIDA NA SAYARWA. BA KOWA A CIKI.

"Baba, mu fa?" Auta ta tambaya.

Mai Kwat ya yi dariya. "Ƙanwata, maganar kasuwa ce. Ana nufin ba ɗan haya. Mai saye ba ya son rigimar tashin mutane."

Washegari duwatsu uku suka faɗo, duka a lokacin faɗuwar rana. Bayan kwana biyu duwatsun suka zama bakwai. Maƙwabta suka rantse ba su ji komai ba. Da safe Mai Agogo ya fito ya tarar an kankare kalma ɗaya daga allon, tas, har katako ya fito. Abin da ya rage shi ne: KOWA A CIKI. Ya daɗe a tsaye yana kallon allon.

Mai Kwat ya sa aka sake rubutawa, ya kawo masu saye. Yana cikin zuba musu bayani a falo, ya ce, "Kun ga dai, fayau, ba kowa," sai aka yi gyaran murya daga ƙarƙashin matakala. Irin ta tsohuwa ce, mai haƙuri. Masu saye ko takalmi ba su tsaya ɗaurawa ba.

Daga nan abin ya koma kan Auta. Ta daina zuwa aiki, ta daina ci. In rana ta yi ja sai a neme ta a rasa, a same ta zaune cikin ɗakin ajiya tsakanin tsofaffin akwatuna, ta rungume gwiwa, idonta a buɗe ba ƙiftawa. Likita ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce lafiyarta ƙalau. Kwana tara tana ramewa a gaban ubanta, shi kuwa ya san yana rasa ta, kamar yadda ya rasa uwarta, yana kallo.

Sai ya je ya ɗauko Malam, wani dattijo mai ƙaramar murya da ya karantar da rabin unguwar. Ya zo da la'asar sakaliya, ya zauna a bakin ɗakin ajiyar, ya fara karatu. Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai agogon bango. Can Auta ta ɗago kai, muryar da ta fito ba tata ba ce.

"Ya isa, Malam. Ni ma na san abin da kake karantawa."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Bakinta na ara, tunda nawa ba a ji. Na yi jifa, na goge rubutu, na yi tari. Na riga harsashin gidan nan zuwa, amma yaro ya ture mini ƙofa da takalmi, ya rubuta wa duniya wai ba kowa."

"Maigida bai san da ke ba."

"Matarsa ta sani. Shekara talatin ba ta taɓa buɗe ɗakin nan ba tare da sallama ba. Da ciwo ya ci ƙarfinta ta zo nan ta ce, maƙwabciya, ki riƙa duba mini shi, mantuwa gare shi."

Mai Agogo ya dafa bango. Famfon, agogon, duk abin da ya riƙe wata bakwai yana kwana da shi. Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"A cire allon, a fasa cinikin," in ji muryar, "in saki yarinya, in ci gaba da riƙon amanata."

Da son ransa ne da ya amsa nan take. Malam ya juyo gare shi, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Wadda ta koyi hanyar shiga jikin 'yarka ba za ta manta ta ba. Ba mugunta gare ta ba, amma ranta zai sake ɓaci wata rana. Ka zaɓa."

Mai Agogo ya dubi wuyan hannun Auta, yadda ya zama kamar sillen kara. Ya ce, "Gara ta tafi."

Sai muryar ta sake magana.

"To, ba da karatu za a kore ni ba kamar ɓarauniya. Maigida ya tsaya a bakin ƙofa ya yi mini sallama, sau ɗaya dai a rayuwarsa, sannan ya sallame ni da bakinsa, yadda ake sallamar mutumin kirki."

Ya gyara hularsa, ya tsaya a bakin ɗan ɗakin. Ya yi sallama, aka amsa masa cikakkiya. Ya ce, "Maƙwabciya, mun gode. Kin sauke amana. Na sallame ki, ki yafe mana."

"Sai ka riƙa rufe famfo," in ji ta.

Auta ta yi atishawa sau uku, ta kife a jikin ubanta, ta ce da muryarta, "Baba, yunwa nake ji."

Da kansa ya tuge allon, ya aika wa Mai Kwat ya zo ya ɗauka. Bayan mako guda ya je ya ba Sannu-Sannu haƙuri, tsohon ya biyo shi. Ya sake bin gidan ɗaki-ɗaki yana sallama. Da ya zo ƙarƙashin matakala ya yi sallama, ya karkata kai, ya jira. Ya jira har Mai Agogo ya fara sa rai.

"Yanzu kam," in ji shi a hankali, "ana iya rubutawa."

Da yamma Auta ta tafi aiki, Mai Agogo ya zauna shi kaɗai a falo. Ya ɗaga kai ya ga agogon bango ya tsaya a ƙarfe shida saura kwata. Can cikin kicin famfo yana ɗiga, ɗis, ɗis. Ya saurara har duhu ya fara shigowa, ba wanda ya rufe. Sai ya tashi ya je ya rufe da kansa.