Hudar da Ta Ceci Kififiya

A wani gari mai yawan ruwan sama, an yi wata yarinya mai kiwon 'yar kififiya, wato kunkurun ruwa, a cikin tsohuwar kwatarniya. Ta sa mata dutse a tsakiya don ta riƙa hawa tana hutawa.

Wata rana aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, har ya shanye dutsen. Kififiya ta yi ta iyo har ta gaji, hancinta na nutsewa yana ɗagowa. Yarinya ta kwashe ruwan, nan da nan ya sake cika.

Yayanta ya ɗauko taɓarya, ya ce, "Matsa in fasa gefen, ruwan ya zube!"

Ta ce, "A'a, Yaya! In ta fashe, ina kififiyata za ta zauna?"

Ta samo ƙusa, ta kafa ta a jikin kwatarniya, ƙasa kaɗan da kan dutsen, ta shiga murzawa. Ruwa na ƙaruwa, tana murzawa. Yayanta na ta faɗa, tana murzawa. Yatsunta suka yi jini, tana murzawa.

Can sai ruwa ya tsarto ta 'yar hudar. Sannu a hankali kan dutse ya bayyana. Kififiya ta hau da ƙyar, ta miƙa wuya, ta lumshe ido. Yaya kuwa ya mayar da taɓarya gindin turmi.