Mayafin Smaranda a Jikin Ɓauren Maƙwabta

Da rana ta faɗi, iska ta juyo daga tsauni, Smaranda ta san yau ƙanƙara za ta sauka. Ta ɗebi karan masara da tsofaffin buhuna, ta zagaya bayan gida don ta lulluɓe ɓaurenta kada sanyi ya kashe shi. Mijinta Toader ne ya dasa shi ranar aurensu, shi ke lulluɓe shi kowace shekara har ya rasu watan jiya. Shekara talatin da ɗaya tana yabon mutumin nan, har matan ƙauye suka gaji da ji.

Igiya ta ƙi ɗauruwa, yatsunta sun sandare.

Sai ta ji motsin kara. Warin taba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Yana tsaye bakin shinge, cikin kwat ɗin da aka binne shi da ita. Numfashinta na fitar da tururi, nasa babu.

Baiwar Allah, murna ce ta riga tsoro zuwa.

"Toader," ta ce ƙasa-ƙasa, "taya ni ka zo yi?"

Ko kallonta bai yi ba. Ya kwashe karan, ya zare buhunan daga rassan ɗaya bayan ɗaya, ya tsallaka lambun maƙwabciyarsu Profira, wadda ba ta taɓa aure ba, wadda ta fi kowa kuka ranar jana'iza. Can ma akwai ɓaure. Ya durƙusa yana naɗe shi a hankali, kamar mai goya jariri.

Buhu bai isa ba.

Ya juyo.

"Mayafinki," ya ce.

"Namu fa, Toader? Namu?"

Hannunsa ya kama mayafin ta wuya. Sanyi ya ratsa ta har ƙashi. Ulun mayafin ya shaƙe ta. Ta zame kai, ta bar masa, ta ruga ta danna sakata.

Ɓaurenta bai sake toho ba. Na Profira kuwa ya fita hunturu lafiya cikin mayafin Smaranda, da wani irin ƙulli biyu da Toader kaɗai ke yi.

Da zafi ya dawo, Profira ta shigo da kwano cike da ɓaure.

"Ɗanɗana, maƙwabciya. Irin naku ne."

"Na sani. Yaushe ya dasa miki?"

Profira ta sunkuyar da kai. "Shekara talatin ke nan."

Tun ranar ba wanda ya sake jin Smaranda ta yabi Toader. Ko kyandir ɗin da akan kunna wa mamaci ba ta ƙara kai wa kabarinsa ba.